Murhun gawayi ko na gas: abin da mai son gashi a gida zai duba kafin ya biya kuɗi

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, 'yan uwa da abokan aiki kan tambaye ni wane irin murhun gashi ya kamata su ajiye a tsakar gida, na gawayi ko na gas, domin sun san na daɗe ina gasa nama da hannuna a gidana da ke nan Jos, kuma na yi amfani da duka biyun. Amsata ba ta canzawa: a nemi murhun gawayi mai kauri, mai murfi, wanda ƙwararren mai walda ya haɗa da sabon ƙarfe. Sai dai nakan ƙara da gargaɗi mai tsawo, saboda yawancin waɗanda na ga sun yi da-na-sani a wannan harka, a hannun mai sayarwa aka cuce su tun kafin su kunna wuta.

Dalilin da ya sa na fifita gawayi shi ne dalilin da ya sa har yau mai tsire bai rabu da tukubarsa ba. Idan kitse da ruwan nama suka ɗiga a kan garwashi, nan take suke ƙonewa su tashi da hayaƙi mai ƙamshi, hayaƙin kuma ya koma ya kama jikin naman, kuma wannan ne ɗanɗanon da muke nema idan muka ce gashi. Zafin garwashi busasshe ne mai ƙarfi, yana kama bayan nama ya yi ja da wuri, ƙuli-ƙuli da yaji su soyu a jikinsa maimakon su jiƙe su zama kunu. Ban da haka, mai gawayi shi ke tsara wutarsa yadda yake so. Nakan tara garwashi a gefe guda na bar ɗaya gefen babu komai, sai na fara ɗora cinyar rago a kan wuta mai ƙarfi har ta yi launi, sannan na janye ta zuwa gefen da babu garwashi, na rufe murfi, ta ci gaba da nuna a hankali har cikin ƙashi kamar balangu. A daidai lokacin ana iya binne dankalin Turawa, irin wanda ake kawo mana daga Bokkos da Mangu, a cikin rushi, a jera ɗanyar masara a gefen raga, a kuma gasa tarwada a ƙarshe idan wutar ta lafa, duka da gawayin da aka zuba sau ɗaya.

Murhun gas yana da sauri, kuma a ganina nan alherinsa ya tsaya. Ana murɗa makunni, cikin minti 10 ya yi zafi, babu toka, babu baƙin hannu, alhali gawayi sai an ba shi minti 20 zuwa 30 kafin farar toka ta rufe shi ya isa ɗora nama. Amma naman da ya fito daga kansa bai da nisa da wanda aka gasa a kicin. Ga kuma tsada, domin tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin cika tukunyar gas ya mayar da gidaje da dama kan kurfoti, kuma ba kowace uwargida ce za ta yarda a ƙarar da gas ɗin girkinta a kan gashin yini ɗaya ba.

Batun murfi ya fi muhimmanci a Jos fiye da wurare da yawa. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu iskar hunturu tana kaɗawa da ƙarfin da kan cinye gawayi cikin ɗan lokaci, ta watsa toka a kan nama, ta kuma kwashe zafin kafin ya ratsa shi. Irin wannan matsala ce ta sa wani Ba'amurke mai suna George Stephen ya ƙera murhu mai murfi kamar ƙwarya a 1952, wanda ya zama asalin murhun Weber da aka sani a duniya. Ba sai an sayi na waje ba, masu waldarmu suna iya yin sa. Abin da za a nace a kai shi ne a yi ƙofar iska biyu masu buɗewa da rufewa, ɗaya a ƙasa kusa da garwashi, ɗaya a saman murfi, domin da su ake ƙara wuta ko rage ta ba tare da an wahala da mafici ba.

Shekarun baya, ana saura kwana biyu Sallah, na sayi murhun da aka yi da rabin duro a bakin hanya, an shafe shi da baƙin fenti yana sheƙi. Na tambayi mai sayarwa abin da duron ya taɓa ɗauka, ya ce mini, “Alhaji, man gyaɗa ne, kada ka ji komai.” Ranar layya da yamma, wuta na kamawa sai fentin cikin ya fara kumbura yana ɓarewa, wani hayaƙi mai ɗaci da warin sinadari ya turnuƙe tsakar gidan har yara suka shige ɗaki suna tari. Ragar da ke kai, wadda na ɗauka ƙarfe ne mai kyau, ashe shantar tsohon firiji ce, ta yi fari-fari tana sakin wani abu kamar gari a jikin naman. Haƙarƙarin rago guda da hanta muka haƙa rami muka binne, domin ban yarda ko kare ya ci ba, baƙin da na gayyata kuma suka tashi da soyayyen nama daga kicin. Kafin damina ta gaba ta fita, gindin murhun ya rube ya zube.

Tun daga ranar ba na kallon kyan murhu, cikinsa nake fara leƙawa. Duk murhun da aka yi wa fenti a ciki, a bar shi, domin fentin gida ko na mota ba a yi shi don wuta ba, kuma sau da yawa ana shafa shi ne a ɓoye tsatsa da faci. Duron da ba a san asalinsa ba shi ma a bar shi, komai rantsuwar mai sayarwa, saboda durorin da ke yawo a kasuwa sun ɗauki baƙin mai, fenti, maganin ƙwari da sinadaran masana'antu, kuma wanki da omo ba ya fitar da abin da ya riga ya kama ƙarfe. Raga ita ce wurin da aka fi yin ha'inci. Wayar shinge da shantar firiji an lulluɓe su da tutiya ko wani rufin da ke hana tsatsa, wanda idan ya ji wuta mai ƙarfi yakan tashi ya shiga abinci. A nemi raga ta zallan baƙin rodi, wadda za a riƙa gogewa ana shafa mata mai, ko ta ƙarfen nan da ba ya tsatsa, kuma mai kyansa galibi maganaɗisu ba ya kama shi, don haka yana da amfani a tafi da ɗan ƙarami a aljihu. Sai kauri: a danna gindin murhun da babban yatsa, idan ya lotsa ko ya yi ƙara kamar kwanon rufi, langa-langa ne, ba zai ga Sallah biyu ba. Ni nakan ce wa mai walda kada farantin gindi ya gaza milimita 2, kuma a sa wata raga ta biyu a ƙasa da gawayi zai zauna a kai, iska ta shiga ta ƙarƙashinsa, toka ta zuba cikin tire mai jawowa. A girgiza ƙafafun a gani ko walda ce cikakkiya ko ɗigo-ɗigo aka yi, domin murhun da ke rawa da garwashi a cikinsa haɗari ne a gidan da yara ke guje-guje. Mafi kwanciyar hankali shi ne mutum ya sayi ƙarfen da kansa, ya kai wa mai walda, ya tsaya a yanka a gabansa.

Shi ma gawayin ba a barin sa ga amanar mai buhu. Akwai masu jera manyan gutsattsari a baki su cika ƙasa da gari da ƙasa har da duwatsu, akwai masu yayyafa ruwa don ya yi nauyi, akwai kuma masu haɗa wanda bai gama ƙonewa ba, wanda zai yi ta hayaƙi yana ɓata nama. A sa a juye buhun a gaban ido, ko aƙalla a zura hannu har tsakiya. Gawayi mai kyau yana da nauyi ba tare da danshi ba, idan an karya shi cikinsa baƙi ne wuluk mai ɗan sheƙi, idan an buga biyu suna ƙara kamar ƙarfe. Na itacen ƙirya, wanda maƙera suka daɗe da sanin ƙarfinsa, da na marke, sun fi daɗewa suna ci, na itace mai taushi kuwa tartsatsi yake yi ya zama toka nan da nan. Kada a kunna shi da kananzir ko leda, warinsu yana bin nama. Babban gwangwani da aka huda gindinsa, a cika shi da gawayi a sa takarda a ƙasa, ya isa.

Wanda duk da haka ya zaɓi gas, to ya san cewa ha'incin wannan ɓangaren yana iya cin rai. Ana sake wa tsofaffin tukwane fenti a sayar da su a matsayin sababbi, alhali hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, kuma shekarar ƙira tana buge a jikin mariƙinta, don haka idan an goge wurin ko an cike shi da fenti, kada a saya. Tiyon ruwa ba ya maye gurbin tiyon gas ko da launinsu ɗaya. Murhunan da ake shigowa da su na hannu daga Turai da Amurka kuma, wasunsu an yi su ne don gas ɗin bututu, ramukan wutarsu ba su dace da na tukunya ba, wasu kuma bakinsu bai hau kan regiletarmu sai an yi musu haɗin gambiza, kuma a irin wannan haɗin ne yoyo ke farawa. Bayan kowane haɗi a shafa ruwan sabulu a gaɓoɓin, idan kumfa ya tashi a rufe tukunya nan take. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ne, saboda haka kunna murhu da murfinsa a rufe bayan gas ya taru a ciki yana iya tashi da fuskar mutum.

Akwai kuma wata al'ada da sanyin Jos ke jawowa, wato a gama gashi a ga sauran garwashi yana ja, sai a ja murhun zuwa ɗaki ko gareji don jin ɗumi. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana sa barci da ciwon kai, kuma tana kashe mutane a rufaffen ɗaki ba tare da sun farka ba. Idan an gama, a rufe murfi da ƙofofin iskar biyu a bar wutar ta mutu a waje, washegari a tsince gawayin da ya rage don gashi na gaba. Tokar kuma a kwashe ta a ranar, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba da ruwa ke sauka, domin jiƙaƙƙiyar toka ce ke cin gindin murhu, sannan a shafa wa raga man gyaɗa a jingine murhun a ƙarƙashin rumfa.