Sharhi kan zaman ɗanɗana giyar Port a Gaia

Kuɗin da na biya na zaman ɗanɗana giyar Port a wani tsohon gidan ajiya da ke Vila Nova de Gaia, tsallaken kogin Douro daga birnin Porto na Fotugal, bai tafi a banza ba, duk da ina da ƙorafi. Na san masu karatu da yawa ba sa shan giya saboda addini, kuma ina girmama hakan. Ni aikin otal nake yi, sashen abinci da abin sha, dole in san abin da nake ajiye wa baƙo a tebur.

An fara zagayawa da mu cikin rumbunan ganguna, wuri mai sanyi da duhu, yana ƙanshin jiƙaƙƙen katako. Jagoranmu ya yi bayani a taƙaice: can sama a kwarin Douro ake noman inabin, yankin da aka shata wa iyaka tun 1756 a zamanin Marquês de Pombal, babban ministan Fotugal na lokacin. Ana tsaka da tsimuwar ruwan inabin sai a zuba masa barasa mai ƙarfin kashi 77 cikin ɗari, tsimuwar ta tsaya cak, sauran zaƙin inabin ya zauna a ciki, ƙarfin giyar ya tsaya wajen kashi 20. Wadda ake kira Vintage kuwa amfanin shekara ɗaya ce tak, kuma sai shekarar ta yi albarka sosai gida yake ayyana ta, hukumar IVDP mai kula da giyar Port da ta Douro ta ɗanɗana ta amince. Wajen shekara biyu take yi a ganga, a ɗura ta a kwalba ba tare da tacewa ba, sauran girman a cikin kwalbar take yinsa.

Kofi uku na Vintage aka jera mana: ta 2017, ta 1994 da ta 1977.

Ta 2017 baƙa ce wuluk, bakin kofin na ɗaukar launin shunayya. Kurɓar farko zaƙi ne ya cika min baki, har na ɗauka shi ke nan. Sai da na haɗiye bauri ya taso, ya kama dasashi da gefen harshe ya ƙi saki. Wannan baurin shi ne abin nema. Daga fatar inabin yake fitowa, irin su Touriga Nacional da Touriga Franca, shi ya sa har yau wasu gonaki ke tattake inabi da ƙafa a kwamin dutse don fatar ta saki abin da ke cikinta ba tare da an farfasa ƙwallon ba. Dangin sinadarin nan ne da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke hana fata ruɓewa da shi. Zaƙi kowace Port tana da shi, ba ya nuna komai game da gaba. Abin da za ka lura shi ne ko baurin nunanne ne mai laushi ko ɗanye mai kartar harshe, ko akwai ɗan tsami da ke tallafe zaƙin, ko barasar ta fito tana ƙona maƙogwaro ita kaɗai, da kuma tsawon lokacin da ɗanɗanon ke zama bayan haɗiya. Ta 2017 ta cika sharuɗɗan nan duka, kuma a ganina buɗe ta yanzu asara ce.

Ta 1994 ce ta fi burge ni. Launin ya koma ja, baurin ya kwanta amma yana nan, ƙanshin busassun 'ya'yan itace da kanumfari ya fito. Tana da sauran tafiya. Ta 1977 ta yi haske har tana ɗaukar ruwan ƙasa a baki-baki, mai taushi ƙwarai, sai dai a kofina barasar ta fara leƙowa saman sauran ɗanɗanon. Mai irinta a ajiye, ya sha kawai.

Ƙorafina shi ne gaggawa. Wani rukunin baƙi na jira a ƙofa, aka tashe mu tun ta 2017 ba ta sha iska ta buɗe ba. Ba a kuma nuna mana yadda ake juye tsohuwar kwalba a hankali a bar lakar a ƙasa ba, alhali shi ne abin da ma'aikacin otal ya fi buƙatar gani. Duk mai zuwa ya nemi zaman safe, ya tambaya tun wajen biyan kuɗi ko za a juye kwalbar a gabansa.

Ban sayi Vintage ba. Tana son a kwantar da ita a duhu, cikin sanyin da bai wuce digiri 15 ba, shekara ashirin ko fiye, kuma da zafin Abuja da ɗaukewar wuta ba zan iya ba ta wannan ba. LBV (Late Bottled Vintage) na ɗauko, wani nau'in Port, wadda ta yi shekara huɗu zuwa shida a ganga, ana iya shanta nan take, kuma ta fi jure zama bayan an buɗe ta.