Hibernate: sharhi kan manhajar da ke ajiye bayanan kasuwanci a Java

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar kasuwanci da harshen Java ya san inda gizo ke saƙa. A cikin manhajar, kwastoma da rasit da kayan da aka jera a kan rasit abubuwa ne masu riƙe da juna, amma a rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL babu komai sai tebura da layuka da lambobin da ke haɗa wannan tebur da wancan. An ƙirƙiri Hibernate ne domin ta yi tafinta tsakanin ɓangarorin biyu. Gavin King ya fara ta a 2001 saboda wahalar da ake sha da EJB, wato tsarin da Java ta tanada wa manhajojin kasuwanci a wancan lokaci, kamfanin JBoss ya ɗauki nauyinta a 2003, sannan Red Hat ya sayi JBoss a 2006, shekarar da JPA, wato ƙa'idar Java ta ajiye bayanai a rumbu, ta fito ɗauke da dabaru da dama na Hibernate. Kyauta ake samunta, kuma kowa yana iya karanta yadda aka rubuta ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take ajiya. Idan aka ɗauko rasit daga rumbu, Hibernate tana sa masa ido har a kammala cinikin, don haka in an sauya adadin kaya ko farashi, ita da kanta za ta gane abin da ya canza ta aika umarnin da ya dace cikin SQL, wato harshen da ake magana da rumbun bayanai da shi, kuma ko dai sauye-sauyen su shiga gaba ɗaya ko kuma ko ɗaya kada ya shiga. Haka nan alamar @Version, wadda ke sa wa kowane layi lambar da ke sauyawa duk lokacin da aka gyara shi, ta cancanci yabo. A ce ma'aikata biyu sun buɗe bayanin buhun shinkafa na ƙarshe a lokaci guda, kowa yana son sayar da shi. Wanda ya fara ajiyewa zai wuce, na biyun kuwa za a ƙi karɓar nasa saboda lambar da ke kan layin ta riga ta sauya. Wannan kariya ce da mutum zai daɗe yana rubutawa da hannu, ga shi nan kuma a layi guda.

Wajen ɗauko bayanai ne ake bukatar taka tsantsan, kuma a nan ne nake da ƙorafi mafi girma. Hibernate ba ta ɗauko kayan da ke kan rasit sai an taɓa su, wanda dabara ce mai kyau, sai dai tana ɓoye tsada. Idan aka nemi rasit 100 sannan aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana duba kayansu, tambaya 101 ce za ta tafi rumbu maimakon guda, alhali babu abin da ke nuna haka a rubutun manhajar. Da bayanan gwaji kaɗan ba za a lura ba, sai ciniki ya taru shafi ya fara jan ƙafa. Maganin yana nan, wato JOIN FETCH, umarnin da ke ɗauko rasit da kayansu a tambaya guda, amma sai wanda ya kunna nuna umarnin SQL ya zauna ya karanta shi ne zai san yana bukatarsa. In kuma aka taɓa kayan bayan an rufe zaman aikin da Hibernate ta buɗe da rumbu, kuskuren LazyInitializationException zai fito, kuma sabon shiga yakan gudu ya ce a riƙa ɗauko komai tun farko, wanda gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Game da gado tsakanin azuzuwa, wato nau'o'in abubuwa a manhajar Java, kamar biyan kuɗi a hannu da biya ta banki waɗanda duk nau'in biya ne, ta ba da zaɓi uku: tebur guda ga duka, tebur ga uwa da tebur ga kowane reshe ana haɗa su, ko cikakken tebur ga kowane reshe. Na fi karkata ga tebur guda saboda saurinsa, duk da gurabun da yake bari babu komai. Ban yarda a bar ta ta riƙa sauya tsarin tebura da kanta a rumbun da ake aiki da shi ba. Flyway ko Liquibase, kayan aikin da aka yi musamman don sauya tsarin tebura, sun fi dacewa da wannan. Mai tsohuwar manhaja kuma ya sani cewa Hibernate 6, wadda ta fito a 2022, ta koma amfani da sunayen azuzuwa masu farawa da jakarta maimakon javax, don haka akwai gyara a gabansa.

Ina ba da shawararta ga mai gina manhajar shago, asibiti ko makaranta, inda ake yawan shigarwa da gyara bayanai masu alaƙa da juna, muddin ya iya SQL tun kafin ya fara. Rahoton ƙarshen wata kuwa, mai tattara ciniki daga tebura da yawa, na fi so a rubuta shi da SQL kai tsaye, kuma Hibernate ɗin ma ta ba da damar yin hakan.