Makunnin madubin mota: ɗan Beljiyam, sabon kwali, ko a wanke tsohon?

In madubin gefen motarka ya daina motsi, kafin ka fitar da ko sisi, tabbatar makunnin da ke juya shi ne ya mutu. Cikin kowane madubin gefe akwai 'yan injina biyu, ɗaya na kai gilashi sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama, makunnin kuwa aikinsa kawai ya jujjuya musu wutar batir. In duka madubai biyu suka yi tsit, a fara duba fis. In ɗaya ne kawai, galibi waya ce ta karye cikin robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, don buɗewa da rufewar yau da gobe. In kana jin gurnani amma gilashi bai motsi, haƙoran ciki ne suka cinye. Amma in duka biyun suna hawa sama su ƙi saukowa, to ka kama ɓarawonka, makunni ne.

Kar batun sa wa mota kwamfuta ya ruɗe ka. Lambar da kwamfutar ke fitarwa kan matsalar madubi da harafin B take farawa, na inji kuwa da P, kuma ƙaramar na'urar OBD2 mai karanta waɗannan lambobin, da ake haɗawa da wayar hannu, yawanci na P kaɗai take gani. Ban da haka, a irin su Corolla 2003 zuwa 2008 da suka cika Katsina, waya ce kai tsaye daga makunni zuwa madubi, ba wata lamba da za ta fito. Ko a sabbin motocin da ke fitar da ita, layin da ke da matsala take nunawa, sai mai wayarin ya bi da mitar gwajin wuta.

Ni dai ɗan Beljiyam nake saye, wato na asali da aka ciro daga wata motar. Robarsa na da kauri, in ka danna za ka ji ya amsa, soket ɗinsa kuma ya shige ba sai an yanka waya ba. Sai dai ka tafi da tsohon naka a hannu, a gwama lambar da ke bayansa, a ƙirga haƙoran soket. Mai maɓallin naɗe madubi daban yake da marar shi ko da fuskarsu ɗaya. In babu a nan, ana aikawa Ƙofar Ruwa a Kano a kawo.

Sabo na kamfani ba shi da laifi sai tsada da jira. Wanke tsohon da maganin fesa wayoyi yakan tashe shi in ƙurar hunturu ce ta toshe shi, amma in tagullar ciki ta cinye, kwana nawa ne.

Sabon kwali mai araha kuwa, shi ya taɓa ƙona ni. Na saya da tambarin kamfani raɗau a jiki, aka ɗaura, na danna hagu ya tafi dama. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ai sabawa za ka yi." Sati biyu ya mutu, ranar ina ƙoƙarin fita daga cunkoson Ƙofar Ƙaura, ɗan Keke Napep na bin gefena ban gan shi ba. Allah ne ya kiyaye.

Kuma ko a Beljiyam ɗin akwai 'yan damfara. Wasu na tattara matattun da aka cire a garejin gari, su wanke su goge da mai, su zuba cikin na waje. Duba gefensa: in ka ga tabon sukundireba inda aka ɓalle shi, ko ɗigon dalma a haƙori, ko warin ƙuna, ajiye musu kayansu. Wani kuma zai jona maka a batir ya ce ka ga wutarsa ta kama, alhali fitilar ciki ce kawai ta haska. Kai motar bakin shagon, a jona a gabanka, ka gwada sama, ƙasa, hagu, dama a madubin direba, ka maimaita a ɗaya ɓangaren, sannan ka ƙirga kuɗi.