Shagon da ya haɗa min sola a gida: kayan sun yi, wayar wuta da garanti ne matsalar

Masu tambayata a kan solar da aka haɗa min a gida sun yi yawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Shagon a Kano yake, ba zan kama suna ba tunda akwai ƙorafi a ciki, amma irinsu sun cika gari yanzu, har wanda jiya yake gyaran fanka yau ya zama Injiniya.

Abin da ya tura mutane sola ai kowa ya sani. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama na masu hali, sai kuma a Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawa, naira 225 duk yunit ɗaya daga naira sittin da wani abu, daga baya aka ɗan rage ya dawo ɗari biyu da 'yan kai. Sannan ga duhun Oktoban 2024 da Arewa ta shafe fiye da mako ba wuta bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, lokacin har cajin waya sai da ya zama sana'a mai tsoka.

Kayan da suka sa min: fanel shida masu wat 550, inbata haibirid 5kVA, da batirin litiyom mai 5kWh. Duka da kuɗin aiki ya haura miliyan uku da kaɗan, kuma batirin shi kaɗai ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Kada ku riƙe wannan farashin, da dala yake tafiya, wanda aka faɗa maka ranar Litinin kafin Juma'a ya canza.

Inda na yaba musu tun farko shi ne ba su fara da maganar kuɗi ba. Yaron da suka turo ya zagaya gidan da takarda yana rubuta komai, firji, fankoki, fitilu, talabijin, sumon rijiya, har dutsen guga ya tambaya wat nawa ne kuma da wane lokaci ake kunnawa. Da na ce ina son AC ya kwana a kunne sai ya yi dariya ya ce Alhaji wannan batirin ba zai kai ka asuba ba, sai dai ka ƙara na biyu. Kuma gaskiyarsa, AC mai doki ɗaya ko da na inbata ne zai zuƙe 5kWh kafin gari ya waye idan ka haɗa da firji da fankoki. Da wani ne ce min zai yi ba matsala ya karɓi kuɗinsa.

Shi ne kuma ya hana ni sayen tubula, wato batirin nan mai ruwa, duk da ta fi sauƙin kuɗi. Lissafin da ya yi min: batirin tubula 220Ah mai bolt 12 yana ɗaukar kusan 2.6kWh a rubuce, amma rabi kawai ya kamata ka sha, in kana zuƙe shi tas kullum ba zai yi nisan kwana ba, ga zuba ruwan batir kuma wanda yawancinmu mantawa muke yi. Litiyom kuwa kana iya shan kashi 80 ko fiye ba ruwansa. Wato tubula uku zuwa huɗu ne za su ba ka abin da wannan ƙwaya ɗayan ke bayarwa, kuma bayan 'yan shekaru sai ka sake saye, shi yana nan. Na lura dai ba ya son zafi, ɗakin da aka ajiye shi sai da na sa aka buɗe masa taga ta biyu.

To yanzu ƙorafi. Wayar da suka jawo daga rufi zuwa inbata sirirya ce, da rana tsaka in ka taɓa sai ka ji ta da ɗumi, kuma ɗumin nan wutarka ce ke zubewa a hanya ban da haɗarin gobara. Ba su sa abin kariya daga tsawa ba, ba su binne as ba, wato ƙarfen da ke kai wuta cikin ƙasa, wai ba ya cikin kwateshan. Haba Injiniya, kayan miliyoyi a kan kwano a garin da damina ke zuwa da tsawa, sannan a ce abin 'yan dubbai ne ba ya cikin lissafi? Sai da na biya daban suka dawo suka gyara. Fanel ɗin ma da farko manna su suka yi a jikin kwano ba tazara, alhali fanel in ya ɗau zafi wutarsa raguwa take yi, shi ya sa a watan Afrilu da rana ta fi ƙuna ba lallai ka ga ya ba da abin da kake zato ba. Yanzu an ɗaga su a kan ƙarfe iska na wucewa ta ƙasa, sun ɗan karkata suna kallon kudu.

Garanti kuma a baki aka ba ni, shekara biyar in ji mai shago, da na ce a rubuta a rasit sai aka fara ai mu 'yan uwa ne Alhaji ba za mu cuce ka ba. Na ce na sani, a dai rubuta. Aka rubuta shekara biyu. Kafin ka biya wayarsu kullum a kunne take, bayan ka biya sai ka kira sau nawa kafin a ɗaga, ko a ce yaran suna sait.

Abin da ba su faɗa min ba sai da hunturu ya shigo na gani da idona shi ne ƙura. Mako ɗaya fanel ya yi fari fat, batirin da yake cika kafin azahar sai ya kai la'asar bai cika ba. Ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, shi ke nan, ban da omo.

Wani abu da ke min ciwo, wannan ba laifin shago ba ne, da batiri ya cika sauran wutar da fanel zai iya bayarwa asara take, mitata ba ta komawa baya balle a biya ni rarar. Don haka muka mayar da aikin wuta na rana, guga da jan ruwa zuwa tanki duk tsakanin sha ɗaya da uku, uwargida ta yi mita da farko yanzu ita ke tuna min. Ga kuma maganar da aka taso da ita a 2025 ta hana shigo da fanel daga waje don a ƙarfafa na gida, ni dai tsorona kada a rufe ƙofa kafin na gidan ya wadata, talaka ne zai ji a jika.

Zan sake sayen kaya a wurinsu, fanel da batirin na gaske ne na duba lambobinsu. Amma aikin haɗawa in zan ƙara batiri na biyu, da mai wayarin ɗina zan zo ya tsaya a kansu.