Na kalli The Wild Party, fim ɗin sharholiya na 1929

Sunan ne ya ja ni. Na zaci casu zan sha kallo tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa na maƙala abin ji a kunne na kishingiɗa da wayata bayan isha'i. Ashe sunan ya fi fim ɗin cika baki.

Na kamfanin Paramount ne, baƙi da fari, bai kai awa ɗaya da rabi ba. Clara Bow ce ta fito a Stella, ɗalibar kwalejin 'yan mata zalla, irin wadda ta fi sanin ranar fati fiye da ranar jarrabawa. Ta taɓa faɗawa gadon wani baƙo a jirgin ƙasa bisa kuskure, kwatsam sai ga shi a aji, shi ne sabon malaminsu. Fredric March ne ya fito a malamin. Soyayyarsu ba ta kama ni ba ko kaɗan. Malam kullum fuska a ɗaure, sai faɗa, kamar wanda aka ci wa bashi.

Na yi dariya inda aka kori Stella da ƙawayenta daga rawar makaranta saboda fingilallun kayan da suka sa, suka zarce wata mashaya a bakin hanya, alhali doka ta haramta sayar da giya a Amurka tun 1920. Can 'yan maye suka yi musu ca, wasa ya koma tsoro.

Amma abin da ya riƙe ni Clara ce kanta. A wannan fim aka fara jin muryarta, don finafinanta na baya ba a jin magana a cikinsu. Makirufo na lokacin a kafe yake, dole ɗan wasa ya tsaya ƙiƙam kusa da shi, ita kuwa ba ta san zama wuri ɗaya ba. An ce daraktar, Dorothy Arzner, ta sa aka ɗaure shi a sandar kamun kifi ana bin Clara da shi. Dubi idanunta da kafaɗunta: sun gama magana kafin baki ya buɗe.

Kwafin da na samu sautinsa na ta shuuu kamar ana suya, in 'yan matan suka haɗa baki da ihu sai na rage murya. Duk da haka sau biyu na maimaita wurin da Stella ta ɗauki laifin wasiƙar soyayyar ƙawarta Helen, don kada a kori yarinyar da tallafin karatu kaɗai ke riƙe da ita, ta haɗa akwatinta ta bar makarantar.