Sharhi kan tiyon ɗigo da na saya wa fangalina

A farkon hunturun bara na sayi tiyon ban ruwa na ɗigo, irin wanda ake haɗawa da bokiti a ɗora a kan tudu, domin ɗan fangalin da ke bayan gidana a Zariya, mai tsawon mita 4. A makonnin farko ba ni da abin cewa sai yabo, domin ruwan da nake ɗiba ya ragu ƙwarai, kuma ciyawa ta yi sauƙi tunda tsakanin layuka a bushe yake zama.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne hudojin tiyon, waɗanda aka yi su a tazarar santimita 30, babu halin matsar da ko ɗaya. Tun a shago na shaida wa mai sayarwa cewa tumatir zan dasa, sai ya ce, "Alhaji, kowace huda ka ba ta tushe ɗaya, ba ka da matsala." Na bi maganarsa na dasa tushe 26 a layi biyu, alhali tumatir yana son tazarar santimita 50 zuwa 60 kafin ya sake. Da shukar ta kai gwiwa sai rassa suka sarƙe, iska ta daina ratsawa, ganyen ƙasa ya yi rawaya yana zuba, har ta kai ba na iya zura hannu in ɗaure reshe a jikin sanda ba tare da na kakkaɓe fure ba. Dole na tuge tushe 12 da hannuna, bayan sun sha taki da ruwa na kusan wata biyu, kuma wannan asarar har yau tana yi mini ciwo.

Gaskiya salak ɗin da na cike guraben da shi ya yi kyau, domin santimita 30 daidai take da shi, shi ya sa ban jefar da tiyon ba. Amma albasa, wadda santimita 10 ta ishe ta, rabinta ba ta ganin ruwa sai na bi ta da buta. Ga yashin ruwan rijiya da ke toshe hudojin, duk mako sai na durƙusa da allura ina buɗewa. Wanda salak ko kabeji kaɗai zai shuka yana iya saye, ni kam bana da igiya da turaku zan fara auna fangalin kafin tiyo ya shigo cikinsa.