Ƙaramar rautar Makita RT0700C: ga abin da na gani a aiki da ita a Gombe

Salam 'yan uwa kafintoci. Masu tambayata kan ƙaramar rautar nan ta Makita, wato injin hannu mai juya ƙarfe mai kaifi da ake gyara gefen katako da fafe shi, sun yi yawa, musamman yaran da aka yaye kwanan nan suka buɗe nasu shagon a Tumfure da Pantami, kuma kowa tambayarsa ɗaya ce, Oga ta kai kuɗinta kuwa ko in ɗauko irin mai arahan nan? To bari in faɗa gaba ɗaya a nan in huta. Ta kai kuɗinta. Amma fa ga wanda ya san aikin da aka yi ta dominsa, don in kana neman injin da zai maka ƙofar gida mai kauri da manyan zane to ba ita ba ce, ka ajiye kuɗinka ka nemi babba.

Ni aikina yawanci kayan ɗakin amare ne, gado, wadrob, madubi, sai kabinet na kicin da yanzu kowa ke so, kuma a irin wannan aikin abin da ake nema wajen rauta bai wuce zagaye gefe, share fomeka da ta yi saura a baki, fafe gurbin hinjis da jan ɗan layin ado a fuskar ƙofa ba. Nan ne ta fi ƙarfi. Wat 710 ce, nauyinta kilo 1.8, hannu ɗaya yana riƙe ta ba gajiya duk da ni ina hana yarana riƙewa da hannu ɗaya sai in katakon a ɗaure yake tam da kilam, wato ƙarfen matse katako a benci. Jikinta da gindinta alminiyom ne, ba roba ba, shi ya sa in ka saita zurfi ka kulle yana zama inda ka bar shi. Saitin zurfin ma ya min daɗi, ka ɗaga makullin gefe, ka murɗa ɗan dunƙulen nan injin ya hau ko ya sauka a hankali kan haƙoran da ke jikinsa, ka mayar ka kulle, shi ke nan.

Abu biyu ne suka sa na ce ta fi waɗancan marasa suna da ake fentinsu kala ɗaya da ita. Na farko in ka kunna ba ta fizgar hannu, a hankali take tashi har ta kai gudunta. Wanda ya taɓa kunna irin mai arahan nan ya san yadda take zabura kamar an tsikari doki, kuma in bakin, wato ƙarfe mai kaifin da ake ɗaura mata yana yanka, yana kusa da katako a wannan lokacin to aikin ya lalace tun ba a fara ba. Na biyu tana da lambar gudu daga 1 zuwa 6, wato daga zagaye 10,000 a minti har 30,000, kuma akwai na'urar da ke riƙe gudun ko da bakin ya shiga katako mai tauri. Mutane suna raina wannan lambar, su kai ta 6 su manta da ita. Ai ba ado ba ce. Siririn baki yana son gudu sosai, amma baki mai faɗi gefensa yana yin tafiya mai nisa a kowane zagaye, in ka ba shi 30,000 zafi zai yi yawa, injin ya riƙa rawa a hannunka, kuma a katako irin maɗaci ko iroko sai ka ga baƙin tabo na ƙuna wanda samfefa za ta sha wuya kafin ta cire, in ma ta cire ta ɓata siffar zanen. Ni baki mai ɗan faɗi a 3 ko 4 nake barinsa. Melina da obece kuwa ba su da rigima, kusan duk yadda ka yi musu suna karɓa in dai bakin da kaifi.

Yanzu ga maganar da ta fi komai muhimmanci a wurina, kuma wlh ita ce ba a faɗa wa yara, maganar kolet, wato ɗan ƙarfen nan mai tsaga da ke damƙe ƙafar bakin. Wannan injin yana ɗaukar kolet na milimita 6 da na 8, a wasu ƙasashen kuma da na kwatan inci yake zuwa. To kwatan inci milimita 6.35 ne, ba 6 ba. A ido ba za ka bambance ba, a cikin akwatin bakuna a kasuwa ma sau da yawa a gauraye suke, mai shago kansa bai sani ba, shi dai ƙarami ne da babba. In ka sa baki mai ƙafa 6 a kolet na 6.35 za ka ɗaure ka ji kamar ya kama, amma bai kama ba, kana cikin aiki zai fara zamewa yana saukowa, zurfin ya ƙaru kai ba ka sani ba, in aka yi rashin sa'a ya fice gaba ɗaya, ƙarfe mai kaifi yana zagaye dubbai a minti a tsakiyar shago cike da yara. In kuma ka tura mai 6.35 da ƙarfi cikin kolet na 6 ka buɗe shi ka lalata. Don haka ka duba lambar da ke jikin kwalin bakin, in ba lamba ka auna da baniya, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, in ba ka da ita ka ara wajen masu walda ko masu injin fere ƙarfe, minti ɗaya ne.

Sa bakin ma da ƙa'idarsa. Ka zare fulogi daga soket tukun, ba kashe makunni kawai ba. Ka goge ƙafar bakin da cikin kolet, ka tura shi har ƙasa sannan ka ɗan jawo shi baya kamar milimita 2 zuwa 3 don kar ya zauna daram a ƙasa, sai ka danna makullin shaf, wato wanda ke hana sandar injin juyawa, ka ɗaure da sifanar da ta zo da ita. Kar ka bar rabin ƙafar a waje wai don ka samu ƙarin zurfi, wannan dabarar ta lanƙwasa bakuna da yawa a garin nan. Kuma kar a ɗaure notin kolet babu baki a ciki, yana karya shi, yara suna yi in suna wasa da injin da yamma bayan an tashi.

Sai makunninta. Irin na dannawa ne ya zauna, in ka kunna tana nan a kunne har sai ka kashe. Ku yi tunanin yadda muke aiki a nan, kana tsakiyar jan layi a ɗauke wuta ko mai ya ƙare a janareto, ka ajiye injin kan benci ka fita shan iska, an dawo da wuta, injin ya tashi shi kaɗai da baki a jikinsa. Kamfanin ya fitar da wata bayanta, RT0702C, wadda aka sa mata abin da ke hana ta tashi da kanta in wuta ta dawo, in ka samu wannan kuma kuɗinka ya kai to ita zan ce ka ɗauka, don yanayin wutarmu ita ta fi dacewa. Mai RT0700C kuwa ya kafa doka a shagonsa, wuta na ɗaukewa hannu ya tafi kan makunni kafin baki ya ce komai. Janareto kuma a samu mai ɗan ƙarfi wanda wutarsa ba ta hawa da sauka, don akwai lantarki mai laushi a cikin kanta, irin ƙaramin nan na masu cajin waya ka haɗa masa rauta da fanka da rediyo ba adalci ba ne ga kowa.

Wajen turawa, bakin yana juyawa ne irin juyin agogo in ka kalle shi daga sama, saboda haka in gefen da za ka yi yana fuskantarka daga hagu za ka tafi zuwa dama, bakin yana cin katako yana turo ka kai kuma kana danne shi. In ka bi ta ɗaya hannun injin ne zai ja ka, ya hau katakon ya gudu. In zagaye teburi za ka yi ta waje ka bi saɓanin agogo, in cikin firam ne kamar na madubi ka bi agogo. Ka fara da kawunan katakon inda aka yanke jijiyarsa, don nan ne yake tsagewa a kusurwa, in ka zo dogayen gefunan sai su share tsagewar. Zurfi kuma kar ya wuce milimita 3 a tafiya ɗaya in kana fafe rami, in 9 kake so ka yi sau uku. Na san ana sauri, uwar amarya tana kira safe da yamma, Malam kafinta ranar Juma'a fa za a yi jere, amma tafiya uku masu sauƙi sun fi tafiya ɗaya da injin ke kuka sauri in ka haɗa da lokacin gyaran ɓarna. Kunnenka zai faɗa maka, in ƙarar ta sauka ta yi nauyi to ka matsa mata.

Wani abu kuma namu na gida, tufafi. Hannun kaftani mai faɗi, carbi a wuya ko a hannu, rawani ko ƙyallen da ake ratayawa lokacin sanyi, duk a cire ko a naɗe. Safar hannu ma ba a sawa da rauta, in bakin ya kama zare ɗaya da yatsan zai tafi. In ka gama ka kashe ka jira ta tsaya cak kafin ka ajiye, kuma kar ka taɓa bakin nan take, zafi gare shi. Wayar mita 2.5 ce, ta ɗan yi gajarta a babban benci, ni ta kafaɗa nake ratayo ta baya don kar ta shiga gaban aiki. Katakon da aka ciro daga tsohon rufi ko tsohon gado kuwa a bincike shi da kyau, ƙusa ɗaya ta isa ta fasa haƙorin bakin ya yi tsalle, shi ya sa tabarau ba na gayu ba ne.

Ƙura ita ce inda ba na jin daɗin aikin rauta gaba ɗaya, ba wannan kaɗai ba. MDF da HDF da muke kabinet da su garin katako ne da aka matse da gam mai sinadarin fomaldihaid, in rauta ta shiga sai ta mayar da shi gari mai laushi da ke tsayawa a iska, ka fita shago gashin ido fari. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar kansa, musamman ta cikin hanci, tun 1995. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare wannan, a nemi mai lamba N95 ko FFP2. Akwai bututun zuƙe ƙura da ake ɗaura mata a gindi amma mu nawa ne ke da injin zuƙa a shago, don haka ni waje nake fitar da benci in aikin MDF ne, iska tana bayana. Ƙarar ma ba wasa ba ce, siririya ce mai shiga kai, abin toshe kunne ba shi da tsada.

Kula da ita ba wuya. Kullum in an tashi a hure ramukan iskar da ke kanta, musamman da hunturu da ƙurar gari ke haɗuwa da ta katako su toshe ko'ina, injin da ba ya numfashi amecarsa ce ke ƙonewa, wato naɗin wayar da ke juyawa a cikinsa, kuma in aka kai ga sake naɗa wayar da wuya ta dawo yadda take. Kabon, wato 'yan gawayin da ke kai wa ameca wuta, guda biyu ne, ta gefe ake buɗe murfinsu da sukundireba, a riƙa dubawa, in sun cinye zuwa layin da ke jikinsu a canza duka biyun lokaci ɗaya da irin nasu, ba a fere na wani injin a cusa ba. In ka fara ganin tartsatsi ya yi yawa ko gudun yana yankewa to su ne farkon abin dubawa. Bakuna kuma a wanke danƙon da ke manne musu da ɗan kananzir da tsohon buroshin haƙori, a shanya, a ɗiga mai a ɗan boris ɗin, wato ɗan zobe mai juyawa da ke kan bakuna masu bin gefe, don in ya ƙame zai ja baƙin layi a jikin fomeka daga farko har ƙarshe. Bakin da ya dakushe a yar, shi ne ke sa mutum dannawa da ƙarfi, daga nan hannu ke zamewa. Ni na fi son in sayi bakuna huɗu ko biyar masu kyau da in sayi akwatin nan mai jere da yawa wanda rabinsu ba za ka taɓa amfani da su ba.

Inda ba ta kai ba, ba ta ɗaukar baki mai ƙafa milimita 12, wato manyan bakunan fanel na ƙofa da na haɗa firam sun fi ƙarfinta, wannan aikin babbar rauta ce irin mai wat 2,000 ko a kai wa masu injin sifindil, babban injin zane da ake kafawa, a Kasuwar Katako. Ba ta da fitila a gindi, da yamma a shago mai duhu sai ka sunkuya kana neman layin fensir. Gindin da ake dannawa ya nutse, wanda ake buƙata in za a fara rami a tsakiyar katako, ba kowane kwali yake zuwa da shi ba, akwai mai injin da gindi ɗaya kawai akwai kuma mai jaka da gindi kala kala, har da mai karkata, don haka ka tambaya ka buɗe ka gani kafin ka biya. Ba tare da shi ba mutane suna karkata injin yana gudu su nutsa bakin a hankali, ni dai ban yarda yaro ya yi wannan a shagona ba.

Farashi ba zan faɗa ba don dala yake bi, na yau daban na wata mai zuwa daban. Amma jabu sun yi yawa, kala ɗaya, rubutu kusan ɗaya. A sa a kunna maka a shagon, in ta zabura lokaci ɗaya maimakon ta tashi a hankali ka ajiye musu kayansu, ka murɗa lambar gudun daga 1 zuwa 6 ka ji ko ƙarar tana canzawa da gaske, ka duba lambar da ke jikin injin ta yi daidai da ta kwali, sannan tun a nan ka sayi kabon na ajiya da kolet na biyu, don ranar da za ka neme su da gaggawa sai an aika Kano.